Yadda aka ƙera ƙananan jiragen finafinan sararin samaniya, da yadda ake kwaikwayonsu a yau

A watan Oktoban 2023, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke Dallas a Amurka ya sayar da wani ɗan ƙaramin jirgi, wanda tsawonsa bai wuce inci 20 ba, a kan dala miliyan 3.135. Jirgin ba ya tashi, bai kuma taɓa tashi ba. Samfuri ne na jirgin yaƙin da ake kira X-wing, ɗaya daga cikin guda huɗu da aka ƙera domin ɗaukar hoto na kusa a fim ɗin Star Wars na 1977. An daɗe ana zaton ya salwanta, sai bayan rasuwar maƙerin samfura Greg Jein a 2022, da abokansa suka shiga tantance tarin kayan da ya bari, aka tarar da shi a cikin kwali.

Waɗanda suka ƙera jirgin ba su yi shi don ado ba, ba su kuma yi tsammanin zai daɗe ba. Kayan aiki ne, an yi shi ne don ya ruɗi kyamara na ƴan daƙiƙoƙi, idan an gama a jingine shi ko a jefar. Wannan niyya ce ta tsara komai game da shi: abin da aka zuba masa, gefen da aka ƙawata da gefen da aka bari, har da launin fentinsa. Ita ce kuma ta sa aikin masu son sake ƙera irinsa a yau ya zama bincike mai wahala, domin abin da suke bi sawu ba a taɓa ajiye cikakken bayaninsa ba.

Ido ɗaya ake yi wa aiki

Misali mafi fito da wannan fili shi ne kumbon Enterprise na shirin talabijin na Star Trek, wanda aka fara nunawa a Satumban 1966. Matt Jefferies ne ya zana shi, Richard Datin da wasu maƙera uku suka gina babban samfurinsa a ƙarshen 1964, da katako da roba da bututun ƙarfe, tsawonsa ƙafa 11. Duk wanda ya zagaya ta gefen hagunsa zai tarar ba a gama shi ba, domin ta nan wayoyin lantarkin da ke kunna fitilunsa suke fitowa. Kyamara ba ta taɓa kallon wannan gefe ba. Idan labari ya buƙaci a ga kumbon ta hagu, sai a liƙa masa lambobi da haruffan da aka rubuta a juye, a ɗauki gefen dama, sannan a juya fim ɗin. Miliyoyin mutane sun yi shekaru suna kallon jirgi mai gefe ɗaya ba su sani ba.

Girma ma haka. A farkon Star Wars, wani makeken jirgin daula, wanda labarin ya ce tsawonsa ya kai mita 1,600, yana ratsowa ta saman kan mai kallo yana bin wani ƙaramin jirgin ƴan tawaye. Samfurin makeken jirgin ƙafa uku ne kacal. Babban samfurin jirgin da yake kora kuwa ya haura ƙafa shida, wato ya ninka shi. Girman da mai kallo ke ji a jikinsa bai fito daga ma'auni ba, ya fito ne daga kusancin kyamara, da saurin tafiyarta, da yawan ƙananan abubuwan da aka liƙa a jikin samfurin.

Tushen sana'ar

Dabarar ta girmi Hollywood ta zamani. A fim ɗin Metropolis na Fritz Lang, wanda ya fito a Jamus a 1927, birnin gaba mai dogayen benaye samfuri ne, motocin da ke yawo a titunansa kuma da hannu ake matsar da su kaɗan kaɗan, ana ɗaukar hoto ɗaya bayan kowane motsi. Eugen Schüfftan ya ƙirƙiro hanyar sanya madubi a karkace gaban kyamara, a kankare wani ɓangarensa, ta yadda za a ga ƴan wasa ta ramin da aka kankare, a ga samfurin gini a sauran madubin, su haɗu a hoto guda.

A Japan sana'ar ta ɗauki nauyin siyasa. Fim ɗin Godzilla na kamfanin Toho ya fito a Nuwamban 1954, watanni takwas bayan ƙurar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ta sauka a kan wani jirgin masunta na Japan, shekara tara kuma bayan Hiroshima da Nagasaki. Eiji Tsuburaya ya gina unguwannin Tokyo a ma'aunin ɗaya bisa 25, wani ɗan wasa mai suna Haruo Nakajima ya shiga rigar dodo ya tattake su. Masu kallo na farko mutane ne da suka ga garuruwansu sun ƙone da idonsu, saboda haka rushewar ƙananan gidajen nan ba wasan yara ba ce a wurinsu.

Wanda ya kafa mizanin da ake auna jiragen sararin samaniya da shi har yau shi ne Stanley Kubrick, a fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, wanda aka shirya a Ingila. Ya ɗauko Frederick Ordway da Harry Lange, waɗanda suka yi aiki da hukumar NASA, su tsara jiragen yadda injiniya zai yarda da su. Babban samfurin kumbon Discovery ya kai ƙafa 54, wato ya fi doguwar motar bas tsawo. Wannan fim ne ya ba Kubrick kyautar Oscar guda ɗaya tilo da ya samu a rayuwarsa, kuma a fannin dabarun hoto ya same ta.

Yadda ake ƙera jirgi

A 1975, da George Lucas ya tashi shirya Star Wars, kamfanin 20th Century Fox ya riga ya rufe sashensa na dabarun hoto. Sai Lucas ya kama hayar wani sito a Van Nuys da ke Kaliforniya, ya ɗora John Dykstra a kai, aka raɗa wa wurin suna Industrial Light & Magic, wanda aka fi sani da ILM. Yawancin ma'aikatan matasa ne, da damansu ma ba daga harkar fim suka fito ba. Joe Johnston da Steve Gawley fasahar tsara kayan masana'antu suka karanta. Grant McCune ne shugaban ɗakin ƙira.

Aikin yana farawa ne daga takarda. Colin Cantwell ya yi samfuran gwaji na farko, Ralph McQuarrie ya yi zane-zanen fenti, Johnston ya mayar da su zanen da maƙeri zai iya bi. Daga nan sai ƙashin jirgi, wanda ake yi da ƙarfe ko alminiyam, a bar masa kafofi a sama da ƙasa da gaba da baya da gefe, domin a iya soke shi a kan sanda ta duk fuskar da kyamara ba za ta gani ba. A cikin wannan ƙashi ake bi da wayoyi da ƙwayayen fitila, wani lokaci har da bututun iska mai sanyaya su, domin zafin fitila yana narkar da roba. Gangar jikin kuma ana sassaƙa ta da katako, a gasa fallen roba har ya yi laushi, a ɗora shi a kan sassaƙen, a zuƙe iskar da ke tsakani, sai robar ta ɗauki siffar katakon. Tagogi ɗaruruwa ba sa buƙatar fitila ɗaruruwa: ana huda ƙananan ramuka, a zura siraran zaren gilashi ko na roba masu ɗaukar haske daga fitila guda, kowane zare ya zama taga.

Mataki na gaba shi ne ya fi shahara, shi ne kuma ya fi ban mamaki. Jirgi mai santsin jiki yana kama da abin wasa. Don a ba ido abin da zai auna girma da shi, sai a lulluɓe jikin da ƙananan tarkace masu kama da bututu da injina da akwatunan wuta. Sassaƙa irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya zai ci shekaru, saboda haka maƙeran suka riƙa sayen akwatunan kayan wasan harhaɗawa da ake sayarwa a kantuna, na kamfanoni irin su Tamiya da Bandai da Hasegawa na Japan, da Airfix na Ingila, da Revell da Monogram na Amurka. A cikin kowane akwati akwai gutsattsarin roba da yaro ko babba zai harhaɗa ya sami tankar yaƙi ko jirgin ruwa ko motar tsere. Su kuwa maƙeran ba su harhaɗawa. Sukan zazzage gutsattsarin a tebur, su tsinci wanda siffarsa ta dace, su yanke, su juya shi, su liƙa da gam mai kamawa nan take. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya ƙera mota da kara da gwangwani da murfin kwalba ya san tushen dabarar, bambancin kawai kuɗi ne da kayan aiki.

A jikin babban samfurin Millennium Falcon mai ƙafa biyar akwai bayan tankokin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, da sassan motar tseren Ferrari, da ɓangarorin samfurin injin mota. Injinan X-wing an haɗa su ne da gutsattsarin rokar Saturn V, wadda ta kai mutum duniyar wata, da bakin injin jirgin yaƙi na Phantom, wanda Amurka ta yi amfani da shi a Vietnam. Akwai wani ɗan gutsure daga samfurin igwar Jamus mai tafiya a kan dogo wanda ya bayyana a jiragen fim ɗin da yawa, har masu bincike suka mayar da shi abin raha. Abin lura ne cewa makomar da Hollywood ta sayar wa duniya an liƙa ta ne da tarkacen yaƙe-yaƙen ƙarni na 20. Lucas da kansa ya yanko hotunan artabun jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ya jera su domin ma'aikatansa su kwaikwayi motsinsu, ya kuma sha faɗa cewa yaƙin Vietnam yana cikin ransa lokacin da yake rubuta labarin ƴan tawaye masu fuskantar babbar daula. Da Ronald Reagan ya sanar da shirinsa na kakkaɓo makamai masu linzami daga sararin samaniya a 1983, masu sukarsa sunan wannan fim suka laƙaba masa.

Fenti ne ke rufe asiri. Ana fesa launi guda a kan komai, sai tanka da Ferrari su zama jiki ɗaya. Bayan haka a shiga ɓata jirgin da gangan: a yi masa tabon mai, da tsatsa, da baƙin hayaƙi, da ƙonuwar harbi, a canza launin wasu faranti kamar an yi musu faci. Lucas ya nace cewa duniyarsa ta zama wadda aka yi amfani da ita ta tsufa. Ana kuma tsananta dattin fiye da yadda ido zai so, domin hasken fitilun ɗaukar hoto yana wanke rabinsa.

Kwafi kuwa tun daga sutudiyo ya fara. Ba a fasa samfurin da aka ɓata makonni ana ƙawatawa. Ana zuba masa robar silikon mai laushi, idan ta daskare a ɓare ta, sai ta zama mazubi, kusan yadda masu zubin tukwanen alminiyam ke danna tukunya a yashi su sami gurbin zuba wata. A cikin wannan mazubi ake zuba ƴan'uwansa marasa nauyi masu saurin farfashewa, a tsattsaga su ta ciki, a cusa musu abin fashewa. Fuskar tashar yaƙin Death Star ma haka aka yi ta: an sassaƙa faranti kaɗan na asali, aka zuba kwafinsu masu yawa, aka jera su ana jujjuya fuskarsu don kada ido ya gane maimaici, aka shimfiɗa wasu a filin ajiye motocin sito aka riƙa tayar musu da wuta.

Lissafin ɗaukar hoto

Ƙaramin abu yana tona kansa ta hanya biyu. Ta farko, idan kyamara ta matso kusa da shi, gabansa kan fito sarai, bayansa ya yi dishi-dishi, nan take ƙwaƙwalwa ta gane ƙarami ne. Maganin wannan shi ne a tsuke ƙofar hasken kyamara ƙwarai, sannan a bar ta a buɗe tsawon daƙiƙa guda ko fiye a kan kowane hoto. A fim ɗin Kubrick, tafiyar kyamara sau ɗaya a gefen Discovery takan ci sa'o'i, abin da mai kallo zai gani a ƴan daƙiƙoƙi.

Hanya ta biyu ita ce faɗuwa. Dutsen da aka saki daga tsayin mita 80 yana ɗaukar kusan daƙiƙa huɗu kafin ya taɓa ƙasa. Idan aka ƙera ginin a ma'aunin ɗaya bisa 16, tsayinsa mita biyar ne, dutsen kuma zai faɗo a daƙiƙa ɗaya. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 a daƙiƙa, saboda haka sai a ɗauki rushewar samfurin a kan hoto 96 a daƙiƙa, a nuna ta a kan 24, daƙiƙa ɗaya ta koma huɗu. Ƙa'idar ita ce a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da ma'aunin, a ninka 24 da ita. Ruwa da wuta ne kawai ba sa bin umarni, domin ɗigon ruwa ba ya ƙanƙancewa don an ƙanƙanta jirgi. Shi ya sa samfuran da za a ƙona ake yin su manya. Fadar White House da aka tarwatsa a fim ɗin Independence Day na 1996 ɗaya bisa 12 ce, titunan da wuta ke malala a cikinsu kuma tsayar da su aka yi, kyamara tana sama, aka kunna wutar daga ƙasa ta hau zuwa gare ta.

Babbar gudummawar ILM ita ce kyamarar da aka sa wa suna Dykstraflex. Jiragen Star Wars ba sa motsi. Suna kafe a kan sanda gaban shuɗin allo, kyamara ce ke tafiya a kan dogo, tana hawa tana sauka tana karkata, wata na'urar lantarki kuma tana haddace motsin ta maimaita shi ba kuskure. Maimaicin nan shi ne sirrin. Ana iya ɗaukar jikin jirgi a zagaye na farko, hasken injinsa a na biyu, wani jirgin a na uku, taurari a na huɗu, sannan a cire shuɗin a haɗa su duka a fim guda. Kowane haɗi yana rage kyan hoto, saboda haka suka nemo tsofaffin kyamarorin VistaVision na shekarun 1950, waɗanda aka yi watsi da su, domin faɗin hotonsu ya ninka na yau da kullum.

A Blade Runner na 1982 an ƙara wata dabara. Birnin masana'antun da fim ɗin ya buɗe da shi jerin faranti ne na tagulla da aka ci siffar gine-gine a jikinsu da sinadari, manya a gaba, ƙanana a baya, aka cika ɗakin da hayaƙi domin na nesa su dushe kamar yadda hazo ke dusar da gari. Da gine-gine suka yi ƙaranci, har samfurin Millennium Falcon aka tsayar a tsaye a cikin birnin ya zama bene.

Bayan an gama fim

Makomar samfuran ta dogara ne da halin mai su. Kusan duk na fim ɗin Kubrick an lalata su ko an zubar, har da zane-zanen gininsu. Da aka zo shirya ci gaban labarin, fim ɗin 2010 na 1984, sai da maƙera suka faɗaɗa hotuna daga tsohon fim ɗin suka sake gina Discovery daga abin da ido ke iya gani. Wato sutudiyo da kanta ta zama mai kwaikwayo. Ɗaya daga cikin ƴan kaɗan da suka tsira, kumbo mai siffar ƙwallo da ake kira Aries, hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta saye shi a gwanjo a 2015 a kan dala 344,000.

Lucas ya bi wata hanya. Ya riƙe haƙƙin sayar da kayayyakin da ke ɗauke da sunan fim ɗinsa, ya kuma adana mafi yawan samfuransa. Ya gane tun da wuri cewa siffar jirgin dukiya ce, kuma tana cikin abin da Disney ta biya kusan dala biliyan huɗu a kansa da ta sayi Lucasfilm a 2012. Datin kuwa, wanda ya gina Enterprise da hannunsa, sunansa bai fito a jerin sunayen shirin ba.

Enterprise mai ƙafa 11 ya shiga hannun gidan tarihi na Smithsonian a 1974. An gyara shi sau da dama, gyaran farkon shekarun 1990 kuma ya jawo ce-ce-ku-ce saboda an yi masa layuka da datti masu kauri fiye da yadda masoya suka san shi. Daga 2014 zuwa 2016 gidan tarihin ya sake aikin kamar yadda ake yi wa tsohon zane mai daraja: an ɗauki hoton cikinsa da na'urar hoton ƙashi da aka aro daga gidan namun dajin Washington, aka bincika fentinsa hawa-hawa, aka ɗauki saman faifansa, inda fentin asali ya tsira, a matsayin ma'auni. An yanke shawarar mayar da shi kamanninsa na Agustan 1967. Ƙaramin samfurin mai inci 33, wanda ya ɓace tun ƙarshen shekarun 1970, ya ɓulla a shafin eBay a 2023, aka mayar da shi ga ɗan Gene Roddenberry, mahaliccin shirin, a Afrilun 2024.

Masu bin sawu

Kwaikwayo iri biyu ne. Akwai na kasuwa mai lasisi, wanda ya fara tun Star Trek yana kan iska, lokacin da kamfanin AMT ya fitar da Enterprise na harhaɗawa. Shirin da kansa ya ci moriyarsa: a 1967, da aka buƙaci wani kumbo da ya lalace a yaƙi, sai aka ɗauko na AMT aka ƙoƙƙona shi, aka jujjuya lambar 1701 ta koma 1017. Daga baya DeAgostini ya sayar da Millennium Falcon kashi-kashi a fitowa 100, Bandai kuma ya fitar da nasa a 2017, wanda aka bi babban samfurin 1977 wajen tsara shi.

Iri na biyu shi ne na masu son su gina jirgi daidai girman na sutudiyo, da ainihin gutsattsarin da aka yi amfani da su. Aikinsu ya fi kama da na masu haƙar tarihi. Suna tara duk hoton da aka taɓa ɗauka na samfurin, a littafi ko a wurin baje koli, su ƙura wa kowane ɗan ƙullutu ido har su gano daga wane akwati ya fito. Gano gutsure guda yana buɗe ƙofa biyu. Yana faɗa musu akwatin da za su nema, yana kuma zama abin awo: idan aka san faɗin tayar wata tanka a akwatin Tamiya, aka kuma gan ta a hoto, ana iya lissafa tsawon duk jikin da ke kewaye da ita. Da haka ake fitar da ma'aunin jirgin da ba a taɓa riƙe shi a hannu ba. Jirgi guda na iya buƙatar akwatuna da dama, wasu an daina yin su tun shekarun 1970, kamar samfurin tashar binciken ƙarƙashin teku ta Sealab na kamfanin Aurora, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo saboda ƴan gutsattsarin da ke cikinsa. Wanda ya same shi yakan yi mazubin silikon ya zuba wa sauran.

Wannan sha'awa ta samar wa masana'antar ma'aikata. Bill George yana matashi yake zuwa Van Nuys yana tonon kwandon sharar sutudiyo domin tsintar ragowar samfura ya kwaikwaya. ILM ta ɗauke shi aiki a 1981, ya kuma ci Oscar a fim ɗin Innerspace na 1987. Greg Jein, wanda ya jagoranci ƙera babban kumbon Close Encounters of the Third Kind, masoyin Star Trek ne tun yana saurayi, shi ne kuma ya sake gina tsohon Enterprise a 1996 domin wani shiri na cikar shekara 30.

Tambayar da ta fi raba kan masu wannan aiki ita ce: wane jirgi ake kwaikwaya? Na allo, ko na tebur? Launin Enterprise a zahiri toka ne mai ɗan kore, amma talabijin ta nuna shi fari ko shuɗi-shuɗi. Sannan na wace shekara? Falcon mai ƙafa biyar an yi masa ƙari a ƙasansa domin fim na biyu na 1980, ƙafafun saukarsa suka tashi daga uku zuwa biyar, aka kuma ƙera wani mai inci 32 wanda bai yi daidai da shi ba. Saboda haka Falcon na 1977 babu shi a ko'ina a yau sai a hotuna da kuma a kwafin waɗanda suka bi hotunan. A nan ne aikin da ake ɗauka wasan manya ya zama adana tarihi na gaske, domin taswirar gutsattsarin da masoya suka tattara ta cike gurbin bayanan da sutudiyo ba ta damu ta rubuta ba.

Haƙƙin wa?

A tsakaninsu, babban laifi shi ne mutum ya sayi kwafin da wani ya sha wahalar bincikensa, ya yi masa mazubi ya riƙa sayarwa. Irin wannan kwafin kwafi yana da alama, domin kowane zubi yana ɗan tsukewa, gefuna kuma suna dakushewa. Akwai abin dariya a cikin fushin, tunda da yawa daga masu kukan an sace musu aiki su ma ba su da lasisin kamfanin da ya mallaki siffar.

Shari'ar da ta fi fito da matsalar fili ba a kan jirgi aka yi ta ba, a kan hular kwanon sojojin daula ce. Andrew Ainsworth, wanda ya zuba hulunan a Ingila a 1976, ya fara sayar da kwafinsu bayan shekaru. Lucasfilm ta kai shi ƙara, wata kotu a Kaliforniya ta yanke masa diyyar dala miliyan 20 a 2006. Amma a Yulin 2011 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa hular ba aikin sassaƙa na fasaha ba ce, kayan aikin shirya fim ce, kuma gajeriyar kariyar da dokar ƙasar ke ba irin wannan ƙira ta riga ta ƙare. Ainsworth ya ci gaba da sayarwa a Birtaniya, amma ba a Amurka ba. Abu guda, ƙasa biyu, hukunci biyu.

Bayan zuwan kwamfuta

Jurassic Park na 1993 ya nuna wa kamfanoni abin da kwamfuta za ta iya, amma samfura ba su mutu nan take ba. The Phantom Menace na 1999, wanda ake yi wa kallon fim ɗin kwamfuta, cike yake da su, har taron ƴan kallon tseren da ke cikinsa tsinkayen goge kunne ne da aka yi wa fenti. Sai dai kasuwar ta ci gaba da tsukewa. A 2006 ILM ta rabu da ɗakin ƙirarta, ya zama kamfani mai zaman kansa mai suna Kerner Optical, wanda ya durƙushe a 2011. Masu ba da umarni kaɗan ne suka riƙe sana'ar da rai, a finafinai irin su Moon na 2009, da Interstellar na 2014, da Blade Runner 2049, wanda Weta Workshop na New Zealand ya gina wa birane.

Da ILM ta zo shirya Rogue One na 2016, wanda dole jiragensa su yi kama da na 1977, sai ta yi abin da masoya suka daɗe suna yi: ta nemo tsofaffin akwatunan tankoki da jiragen ruwa, ta ɗauki siffar gutsattsarinsu ta shigar a kwamfuta, masu zane suka riƙa liƙa su a jikin jiragen da babu su a zahiri. A shirin The Mandalorian na 2019 kuma an koma ga hannu. John Goodson ya ƙera jirgin Razor Crest mai kimanin ƙafa biyu, sassansa daga na'urar da ke buga abu da kaurinsa, fatarsa ta alminiyam, John Knoll kuma, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro manhajar Photoshop, ya haɗa dogon kyamarar da na'urar maimaita motsinta a garejin gidansa.